Kundin aiki: ƙara wa katin hoton kwamfutata gudu

Asabar, 10 ga Fabrairu, 2024

Yau kwana uku da na karɓo laftof ɗin. Ta hannu ce, irin waɗanda ake shigowa da su daga waje, kuma na fi shekara ina tara kuɗinta. Samfurin 2019 ce: furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfutar) Intel Core i7-9750H, RAM 16GB, katin hoto (sashen da ke zana hoton wasa) NVIDIA GeForce GTX 1660 Ti mai mimori 6GB. Burina shi ne in ƙara wa katin gudu fiye da yadda kamfani ya saita shi, domin ba ni da halin sayen wata nan kusa, kuma ina son in ci moriyar duk abin da ke cikin wannan. Na buɗe wannan kundi ne don in riƙa rubuta abin da na taɓa da abin da ya biyo baya. Wanda ya taɓa wasa da saiti ya san cewa bayan kwana biyu mutum ba ya tuna lambar da ya sa jiya.

Tun kafin a kai ga maganar gudu, yau na ci karo da matsala. Na kunna wasa, hoto yana tafiya kamar ana jan sa da igiya. Da na shiga Device Manager, inda Windows ke jera na'urorin da ke cikin kwamfuta, sai na ga katin Intel kaɗai a jerin katunan hoto, sunan NVIDIA babu shi ko kusa. A ƙasa akwai wata na'ura da Windows ba ta gane ba, an manna mata alamar rawaya. Gabana ya faɗi, don abin da ya fara zuwa mini shi ne an sayar mini da kwamfutar da katinta ya mutu.

Akwai hanyar tantancewa. Kowace na'ura tana ɗauke da lambar shaida da take faɗa wa kwamfuta ko da babu direba. Na buɗe bayanan na'urar, na zaɓi Hardware Ids, sai ga VEN_10DE da DEV_2191. Ta farko lambar kamfanin NVIDIA ce, ta Intel kuwa 8086 ce. Ta biyu ita ce lambar GTX 1660 Ti na laftof. Ke nan katin yana nan, yana amsawa, direba ne kawai babu. Direba ita ce manhajar da ke tsakanin Windows da na'ura, kamar tafinta. Idan babu ita, katin yana zaune ne yana kallo.

Na sayi datar dare, na sa fayil ɗin yana sauka. Ya haura 600MB.

Lahadi, 11 ga Fabrairu

Manhajar girkawa ta buɗe, ta duba kwamfutar na 'yan daƙiƙu, ta tsaya. Saƙon ya ce ba za ta iya ci gaba ba, wannan direba bai dace da wannan Windows ɗin ba. Na ɗauka fayil ɗin ne ya lalace a hanya, na sake sauke shi da rana da datar da na tanada don aiki. Saƙo ɗaya. Na yi asarar data a banza saboda ban karanta abin da aka rubuta mini da kyau ba. An ce mini Windows, ni kuma na tafi zargin fayil.

Sai da na rubuta winver, umarnin da ke nuna fitowar Windows, na ga gaskiyar lamarin: Windows 10 ce, amma fitowar 1709, wato ta ƙarshen 2017. Kwamfutar ma ta fi ta sabunta da kusan shekara biyu. Direbobin NVIDIA na yanzu duk irin da ake kira DCH ne, tun ƙarshen 2021 suka daina fitar da tsohon nau'in a sababbin jerin, kuma DCH ba ya hawa kan abin da bai kai fitowar 1803 ba. Ko sau goma zan sauke, amsar ba za ta canza ba.

Na rufe ta haka nan na tafi kallon wasan ƙarshe na kofin Afirka. Kodebuwa ta ci mu 2 da 1 a Abijan bayan mu muka fara zura ƙwallo. Ban sake taɓa kwamfutar ba a daren.

Talata, 13 ga Fabrairu

Na koma wurin wanda ya sayar mini. Bai yi musu ba. Ya ce, "Maigida, filas ɗaya nake ɗora wa kowace kwamfuta da shi, kuma ba wanda ya taɓa dawo mini da ƙorafi." Na yarda da shi, domin mai rubutu a Word da kallon fim ba zai taɓa sanin katin NVIDIA ɗinsa a kwance yake ba. Amma abin yana damuna. Mutum ya biya kuɗin kati mai tsada, a miƙa masa kwamfuta tana aiki da ƙaramin katin Intel, ya yi shekaru yana cewa ai kwamfutar ce ba ta da ƙarfi.

Da na dawo gida na ƙara dubawa, sai na ga Windows ɗin ma irin wadda aka yi wa aski ce: an cire Microsoft Store, an toshe hanyar sabuntawa. Faci ba zai yi ba. Na yanke shawarar share komai in ɗora sabuwa. Wani abokina da ke da intanet mai kyau a wurin aikinsa ya haɗa mini filas na 8GB da manhajar Microsoft ta haɗa filas ɗin girkawa, fitowar 22H2, wadda ita ce ta ƙarshe a Windows 10. Furosesar tawa tana cikin waɗanda Windows 11 ta amince da su, kuma na san tallafin Windows 10 zai ƙare a Oktoban 2025, amma ba na son canza abu biyu a lokaci guda. Wannan ƙaura sai an gama aikin nan.

Asabar, 17 ga Fabrairu

Kwana biyu na yi a kan wannan, kuma laifin na jiya nawa ne. Windows ta hau lafiya, lasisin ya kunna kansa tunda yana cikin allon uwar kwamfutar, wato babban faifan ciki da duk sassanta ke haɗe a kai. Ina gamawa na haɗa ta da wayata, na danna fayil ɗin NVIDIA. Abin da ban lura ba shi ne, a daidai lokacin Windows ma ta ga na'ura marar direba, ta shiga sauke nata a ɓoye, wanda dama aikinta ne. Direba biyu suka haɗu a ƙofa ɗaya. Allo ya yi baƙi sau biyu, girkawar ta tsaya a tsakiya, da na kashe na kunna sai ga sunan katin ya fito amma da alamar rawaya da lamba 43. Wannan lamba tana nufin Windows ta dakatar da na'urar saboda ta kawo rahoton matsala. Tana fitowa a kan katin da ya mutu, tana kuma fitowa a kan direban da ya cakuɗe, shi ya sa take tsoratarwa. Ban yi barci mai kyau ba.

Yau da safe na bi abin a tsanake. Na sauke DDU, manhajar da ke kankare direban hoto har saiwarsa, na ajiye ta tare da duk fayilolin da zan buƙata a babban fayil ɗaya. Daga nan na kashe intanet gaba ɗaya, na shiga Safe Mode, inda Windows ke tashi ba tare da ta ɗauko direban katin ba, don haka babu fayil ɗin da ke riƙe. Na share na NVIDIA, na share na Intel, na kuma sa alamar da ke hana Windows sauko da direba da kanta.

Jerin girkawa yana da muhimmanci a irin wannan kwamfuta, ga dalili. Allon laftof ɗin ba a katin NVIDIA yake haɗe ba, a na Intel yake. Katin NVIDIA yana zana hoton ne ya miƙa wa na Intel, shi kuma ya kai shi allo. Tsarin ana kiran sa Optimus, an yi shi don batir ya daɗe, tunda babban katin yana barci idan ba a buƙatarsa. Saboda haka idan direban Intel bai zauna daidai ba, na NVIDIA ba shi da wanda zai miƙa wa aiki. Na fara da direban allon uwa daga shafin kamfanin da ya ƙera laftof ɗin, sai na Intel UHD 630 daga wannan shafin, na kashe na kunna, sannan na NVIDIA, jerin 551, nau'in laftof. Na zaɓi girkawa mai tsabta, na bar direban kaɗai ba tare da sauran tarkace ba.

Ya hau. Alamar rawaya ta tafi. Alhamdu lillahi.

Sai kuma na nemi NVIDIA Control Panel na rasa, har na fara tunanin wani abu ya sake karyewa. Ashe a tsarin DCH ba a cikin fayil ɗin take zuwa ba, daga Microsoft Store take saukowa. Ina mayar da intanet, bayan 'yan mintuna ta bayyana. Da ma da tsohuwar Windows ɗin nan na dage, da ko direban ya hau ba zan same ta ba.

Abu na ƙarshe yau: wani wasa ya buɗe da katin Intel duk da na zaɓa masa NVIDIA. Tun fitowar Windows ta Mayun 2020, zaɓin da ke cikin saitin hoto na Windows shi ke rinjaye. Can na shiga na sa masa babban kati.

Laraba, 21 ga Fabrairu

Kafin in taɓa ko lamba ɗaya, sai na san inda nake tsaye. Na girka MSI Afterburner, manhajar ƙara wa kati gudu, tare da RivaTuner don ganin zafi da gudu a kusurwar allo ana cikin wasa, GPU-Z don ganin abin da ke riƙe katin, HWiNFO don furosesa. Na gwaji kuma Unigine Heaven da ma'aunin da ke cikin wasan Shadow of the Tomb Raider. Ƙa'idar da na ɗora wa kaina: kullum caja a jone, tebur ɗaya, saiti ɗaya, kowane gwaji sau uku, kuma sai kwamfutar ta yi minti 15 tana aiki kafin in fara ƙirga. Gwajin da aka yi da kwamfuta mai sanyi yaudara ne.

Katin nawa mai wat 80 ne, a takarda gudunsa daga 1455 zuwa 1590 MHz, amma yakan wuce haka da kansa idan ya samu sanyi da wuta. Abin da na gani ke nan a minti biyun farko: ya haura 1700. Daga nan zafi ya hau har 86, 87, gudu ya riƙa zamewa har ya dawo wajen 1500. Furosesa tana taɓa 98, ita da iyakarta 100 ce. Fanka kuwa ihu take kamar injin markaɗe. A Tomb Raider na samu hoto 58 a daƙiƙa.

A GPU-Z akwai layin da ke faɗin dalilin da ya hana katin ƙara gudu. Nawa Thrm yake nunawa, wato zafi. Wannan ya canza mini tsarin aikin duka. Katin da zafi ke ja baya, ko nawa na ƙara masa, zai mayar da shi. Kuma yanzu muna ƙarshen sanyi ne, bazara ba ta shigo ba tukuna.

Asabar, 24 ga Fabrairu

Na sayi man sanyaya na kirki, wanda ake shafawa tsakanin furosesa ko kati da ƙarfen da ke janye zafi, a Beirut Road a nan Kano, na kai kwamfutar wurin wani dattijon mai gyara da na daɗe da sani, don ban taɓa buɗe mai bututun tagulla na janye zafi ba. Na ce masa ina son in yi da hannuna shi ya sa ido. Ya ce, "To, yaro, abu na farko cire igiyar batir. Ko dabino za ka ci a kanta, ka fara cire batir."

Da muka ɗaga fankokin, tsakanin kowace fanka da haƙoran ƙarfen da iska ke bi akwai wani abu kamar bargo: ƙura da gashi da zare sun dunƙule. Wani sashen daga ƙasar da ta fito ne, amma jan da ke sama namu ne, na hunturun da ta yi a shago. Iska ba ta da hanyar fita sai ta gefe. Man da ke kan furosesa da katin ya bushe ya zama kamar alli.

Abubuwan da Baba ya nuna mini, na rubuta su don gaba. Idan za a hura wa fanka iska, a riƙe ta da yatsa kada ta juya da ƙarfi. Kusoshin ƙarfen sanyaya suna da lamba a jikinsu, da ita ake bi wajen kwancewa da ɗaurewa, kaɗan-kaɗan, don matsi ya sauka daidai. Su kuma 'yan katifun roba da ke kan ƙwayoyin mimori, ya hana ni taɓa su. Ya ce idan aka sa masu kauri fiye da na asali, sai su ɗaga ƙarfen, ya daina zama sosai a kan zuciyar katin, a zo ana mamakin me ya sa zafi ya ƙaru bayan gyara. Namu ba su yage ba, muka bar su. Na lura kuma furosesa da katin bututu ɗaya suke rabawa, ke nan zafin ɗaya yana shafar ɗayan.

Da daddare na maimaita gwajin Laraba. Katin ya tsaya a 74. Gudu ya zauna tsakanin 1680 da 1710 bai faɗo ba. Tomb Raider ya ba da 64. Hoto shida ke nan a daƙiƙa daga share ƙura da canza mai, ban taɓa Afterburner ba. Layin GPU-Z ya koma Pwr: yanzu iyakar wuta ce ke riƙe shi, wanda shi ne daidai ga laftof mai lafiya.

Na ɗora bayanta a kan katako biyu don iska ta samu shiga ta ƙasa. Ya rage digiri biyu.

Lahadi, 3 ga Maris

Mako guda ina kan zuciyar katin. A Afterburner madannin ƙara wuta a kulle yake, haka yake a kusan duk laftof, wat 80 ɗin nan ba ya motsi. Na karanta yadda wasu ke ɗora wa katin wata manhajar ciki ta daban don su buɗe shi. Ba zan yi ba. Idan abin ya kuskure, katin a manne yake da allon uwa, ba a cire shi a sa wani, kuma cajar da bututun an auna su ne da wannan wutar.

To me ƙarin gudu ke yi idan wuta ba ta ƙaruwa? Sai da na fahimci wannan aikin ya yi mini ma'ana. Katin yana da jadawali a cikinsa: a ƙarfin lantarki kaza, yi gudu kaza. Kamfani yana barin rata a jadawalin don ko mafi raunin katin da ya fito daga masana'anta ya yi aiki. Lambar da nake ƙarawa tana ɗaga jadawalin ne gaba ɗaya, sai katin ya yi gudu mafi yawa a kan lantarkin da yake sha dama. Ina cin ratar ne. Girman ratar kuma ya bambanta daga kati zuwa kati, ko da sunansu ɗaya, shi ya sa kwafar lambar wani ba ta da amfani.

Katin yana hawa ne da taki 15-15, don haka na bi shi haka. Na fara da ƙarin 60 MHz, na wuce 90, 120, 150, kowanne rabin awa a Heaven. A 180, minti bakwai da farawa, hoto ya daskare, allo ya yi baƙi, sannan ya dawo, Heaven ta rufe. A Event Viewer, kundin da Windows ke rubuta matsaloli, na samu lamba 4101, cewa direban NVIDIA (nvlddmkm) ya daina amsawa an farfaɗo da shi. Windows tana ba katin daƙiƙa 2 ne. Idan bai amsa ba, sai ta sake tayar da direban. Wanda bai sani ba zai ce direba ne ya sake lalacewa ya tafi neman DDU, alhali lambar da ya sa ce ta yi yawa.

165 ya wuce Heaven amma ya faɗi a wasa na gaske bayan awa ɗaya. 150 ya yi kwana biyu lafiya. Na sauko 135 don in bar wa kaina rata.

Laraba, 6 ga Maris

Mimori. Afterburner yana nuna 6000 MHz, GPU-Z yana nuna 1500, duk abu ɗaya ne, lissafin ne ya bambanta: GDDR6 mai gigabit 12 a daƙiƙa a kan hanya mai faɗin bit 192, wato 288GB a daƙiƙa.

A nan tarkon daban ne. Na ƙara 200, 400, 600, makin gwaji yana hawa kaɗan-kaɗan. A 800 babu daskarewa, babu komai a ido, amma maki ya sauka ƙasa da na 600. Irin wannan mimori yana gane kuskure a hanya ya sake aika saƙon, don haka kafin ya fara nuna ɓarna a allo, ya riga ya fara ɓata lokaci wajen maimaitawa. Da ido kaɗai nake aunawa, da na zauna a 800 ina murna. A 1000 ne 'yan ɗigo masu walƙiya suka fara fitowa a jikin duwatsun Heaven, na kashe nan take. Tunda ba ni da hanyar ganin zafin ƙwayoyin mimorin a wannan katin, na tsaya a 500. Ya zama 312GB a daƙiƙa.

Tomb Raider: 68.

Asabar, 9 ga Maris

Yau na fi jin daɗin aikin. Ctrl da F a Afterburner suna buɗe jadawalin nan a matsayin zane, lantarki a kwance, gudu a tsaye. Na lura a wasa katin yana ta tsalle: ya hau lantarki mai yawa, ya bugi iyakar wat 80, ya faɗo, ya sake hawa. Wannan tsallen ana jin sa a hannu ko da matsakaicin lamba ya yi kyau. Sai na zaɓi ɗigon milibolt 850, wanda da ƙarin 135 ɗina yake kan 1785 MHz, na kwantar da duk abin da ke damansa ya zama layi miƙaƙƙe. Ma'ana, kada ka sha fiye da 850, kada ka wuce 1785. Sau uku ina yi yana karkacewa kafin na gane sai an ja duk ɗigogin dama ƙasa sannan a danna amincewa, shi da kansa zai miƙe su.

Sakamako: gudu ya tsaya cak a 1785 a yawancin wurare, zafi 70, fanka ta sassauta. Lamba ta ƙaru da ɗaya kacal, 69, amma ƙananan tsaikon da nake ji a wurare masu cunkoso sun ragu sosai. Da za a ce in zaɓi ɗaya tsakanin wannan da ƙarin mimori, wannan zan ɗauka.

Na so in yi wa furosesa irin haka da ThrottleStop, na tarar a kulle. Bayan da masu bincike suka bayyana raunin tsaro da ake kira Plundervolt a Disambar 2019, sabunta BIOS, manhajar da ke cikin allon uwa, ya rufe rage lantarki a kwamfutoci da yawa, tawa na ciki. Abin da ya rage mini shi ne rage mata tsalle: maimakon 4.0 GHz da take kaiwa idan duk zukatanta shida suna aiki, na tsayar da ita a 3.4. Wasannin da nake yi ba su ji ba, ita kuma ta sauko daga 90 da wani abu zuwa wajen 80, katin ma ya samu sauƙi tunda bututunsu ɗaya.

Asabar, 16 ga Maris

Azumi ya kama tun Litinin, sai bayan asham nake samun zama, shi ma ba kullum ba. Abu ɗaya kawai na koya a makon nan. Ana cikin wasa aka ɗauke wuta, hoto ya faɗo 30 nan take. Ba lalacewa ba ce: batir ba ya iya ba da wutar da caja mai wat 180 ke bayarwa, sai katin ya rage kansa. Daga yau idan wuta ta tafi, wasa ya ƙare, don jan batir da irin wannan nauyi a cikin zafi shi ke kumbura shi. Na kuma cire alamar da ke sa Afterburner ya ɗora saitina da zarar an kunna kwamfuta. Gara in danna da hannu. Idan wata rana saitin ya ƙi, ba na son ya riga ni shiga Windows.

Asabar, 30 ga Maris

Saitin da ya yi mako uku ba tari ya faɗi. Ƙanena ne ke wasan ƙwallo a kwamfutar bayan azahar, ya fito da sauri: "Yaya, wallahi ban taɓa komai ba, allon ne ya yi baƙi." Na san bai taɓa ba. Event Viewer ya nuna 4101 sau biyu cikin awa ɗaya.

Na fara zargin direba, don tsoron Fabrairu bai sake ni ba. Na duba, lambarsa ba ta canza ba, Windows ba ta sauya shi ba. Sai na duba ma'aunin zafin da ke bangon ɗakin: 38. Duk gwaje-gwajena da daddare na yi su, a ƙarshen sanyi, ɗaki bai kai 28 ba. Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗaki take turawa. Idan iskar ta ƙaru da digiri 10, katin ma zai ƙaru da kusan haka. Na kunna gwaji a wannan lokacin, katin ya kai 81, kuma 1785 a kan milibolt 850 ya daskare a minti na 20. Ratar da na bari ta ishi daren Fabrairu, ba ta ishi ranar Maris a Kano ba.

Yawancin bayanan da na karanta, waɗanda suka rubuta su a ɗaki mai digiri 21 ko 22 suke zaune. Ba ƙarya suka yi ba, amma lambobinsu na ɗakinsu ne. Ya kamata tun farko in yi gwajin ƙarshe a mafi zafin lokacin da za a yi amfani da kwamfutar.

Na sake aikin da rana tsaka, kwana uku a jere, da ƙishirwar azumi. 1770 ya faɗi a rana ta biyu. 1740 a kan 850 ya tsaya. Mimori na sauko da shi 400, tunda shi ba na ganin zafinsa. Na ajiye wannan a gurbi na ɗaya a Afterburner, tsohon saitin, na dare, a gurbi na biyu, na nuna wa ƙanena wanda zai danna.

Asabar, 13 ga Afrilu

An yi sallah ranar Laraba, gida ya cika da yara, kwamfutar ta sha aiki daga hantsi har dare kwana uku a kan saitin rana. Na duba Event Viewer yau, babu 4101 ko ɗaya tun 2 ga wata. Tomb Raider yana ba da 67 a saitin rana, 69 a na dare, daga 58 da na fara da shi. Cikin wannan ƙarin, shida daga ƙura da mai suka fito. Ganin bambancin hoto biyu ne kawai tsakanin saitin biyu, na goge na dare, na bar ɗaya har damina ta sauka.

Sabon direba ya fito, ban ɗora ba. Babu wasan da nake yi da ke buƙatarsa, kuma duk canjin direba yana nufin sake gwada jadawalin daga farko. Na haɗa filas guda na ajiye a aljihun jakar: DDU, direban Intel, direban NVIDIA da ke aiki yanzu, da hoton jadawalina.

Na haska tocila ta ramin iska, ƙura ta fara taruwa a haƙoran ƙarfen, mako bakwai kacal da sharewa. Ranar Asabar mai zuwa zan buɗe ta da kaina, fankoki kawai, ba zan ɗaga bututun ba.